Asmar yara da fargaba: horon natsuwa na da amfani ko ɓata lokaci ne?

Daga zauren WhatsApp na wasu iyayen yara masu asma a Jos

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Don Allah shawara nake nema. Sadiq shekararsa tara, tun yana aji ɗaya aka ce mana asma ce. Na san sanyi da ƙura na tayar masa da ita, wannan kowa a Jos ya sani. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ko da damina, ba ƙura ba hazo, da zarar jarrabawa ta matso sai ƙirjin ya fara kuka da dare. Haka in an ɗan yi hayaniya a gida, ko ba da shi ake ba. Kakarsa ta ce shagwaɓa ce, ya gano in ya yi tari kowa zai ajiye abin da yake yi ya dawo kansa. Ƙanwar babansa kuma da ke Gwarimpa ta turo min bidiyon wani horo da ake yi wa yara, su zauna shiru su bi numfashinsu da hankali, wai yana rage tashin ciwon. Akwai wanda ya gwada? Ko duk zancen 'yan Abuja ne?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Hassana ta ma haka take, Usaina kuwa ko a jikinta. Ina nan ina jiran amsa tare da ke.

Baban Walida: Hajiya, zancen 'yan Abuja ne. Wanda bai taɓa kwana a Unguwar Rogo cikin Janairu ba shi zai ce yaro ya zauna yana ƙirga numfashi. Garin nan yana kan tudu kusan mita 1,200, iskar asuba kaɗai ta isa ta shaƙe babba balle yaro. Ki sa masa hula da safa, ki fitar da kaskon gawayi daga ɗaki, a daina kunna maganin sauro na igiya da turaren wuta inda yake kwana, kada inhela, wato maganin asma na fesawa a baki, ta yanke. Sauran duk surutu ne.

Maman Sadiq: Baban Walida, ai na ce har da damina.

Baban Walida: Damina kuma akwai danshi. Ki ja wadirof ki duba bango, za ki ga fumfuna.

Sista Rahila: Baban Walida, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka zo ka yi aikin dare ɗaya tare da mu. Za a shigo da yaro ƙarfe biyun dare, uwa ko ɗankwali babu, gwaggo na salati da ƙarfi, kawu na yi wa ma'aikata tsawa. Yaron na zaune a bakin gado, kafaɗu na ɗagawa suna sauka, fatar da ke tsakanin haƙarƙari na lotsawa ciki, amma idonsa ba ya kanmu, yana kan fuskar uwarsa. In ta ce "wayyo zai mutu", to ya ji daga bakin wadda ya fi yarda da ita a duniya. Kafin in haɗa nebulaiza, na'urar da ke mai da magani tururi yaro ya shaƙa, sai na sallami kowa waje na bar mutum ɗaya, wanda ya fi dakiya, ko da yayarsa ce 'yar sakandare. In durƙusa daidai tsayinsa in ce, "Ga ni nan, magani na zuwa, dube ni." Magani ne ke buɗe ƙirji, ban musa ba. Amma yaron da ke kuka yana fizge abin da aka rufe masa hanci da shi, rabin maganin a iska yake tafiya.

Mama Nanret: Sista, haka ne. Mu a gida mun raba aiki tun ana lafiya. Babansu ne mai ƙarfin zuciya, shi ke riƙe yarinyar. Ni aikina in ɗauko jaka da katin asibiti in kira maƙwabcinmu mai keke. In ina da abin yi a hannu ba na samun sararin ihu.

Baban Walida: To wannan ai hankali ne kawai, ba sai an yi masa bidiyo ba.

Dakta Hauwa: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga kilinik na tarar da saƙonni, ku yi haƙuri zan yi tsawo. Da maganar kaka zan fara don ita ta fi damuna. Maman Sadiq, ki lallaɓa ki gaya wa Hajiya ba shagwaɓa ba ce. Asma kumburi ne a cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu, kuma kumburin yana nan ko ranar da yaro yake ƙwallo lafiya lau. In wani abu ya taɓo shi, naman da ya kewaye hanyoyin sai ya tsuke, majina ta ƙaru, iska ta riƙa fita da ƙyar. Shi ne fiton da kuke ji. Ƙura na taɓo shi, hayaƙi da mura da kyankyasai na taɓo shi, damuwa ma haka.

Wata damuwar nan take take aiki. Yaro ya tsorata sai ya koma haki da baki. Hanci ne ke ɗumama iska ya jiƙa ta ya tace ta, baki ba ya wannan aikin. A hunturun Jos kuwa busasshiyar iska mai sanyi ce za ta faɗa kai tsaye cikin huhun da dama a kumbure yake. Ƙirji ya ƙara tsukewa, tsoro ya ƙaru, haki ya ƙaru. Har dariya mai yawa ko kuka mai tsanani kan yi wa wasu yaran haka.

Wata kuma a hankali take cin jiki, ita ce iyaye ba sa ganewa. A birnin Glasgow an bi yara 90 masu asma, 'yan shekara 6 zuwa 13, har tsawon wata 18, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2000. An ga cewa in wani babban tashin hankali ya faɗa wa yaro, kamar rasuwa ko rabuwar iyaye, haɗarin tashin ciwon na ƙaruwa, amma ba a ranar ba, sai bayan wasu makonni. Yaron da dama yake zaune cikin damuwa ta yau da gobe kuwa, nasa cikin mako biyu yake zuwa. Shi ya sa uwa za ta rantse ba abin da ya faru, alhali abin ya faru tun watan jiya. Maganar jarrabawa ma an gwada ta. A Jami'ar Wisconsin ta Amurka, a 2002, an auna ɗalibai masu asma a tsakiyar zango da kuma makon jarrabawar ƙarshe, aka shaƙa musu abin da jikinsu ba ya so, sai kumburin ya fi tsanani a makon jarrabawa. Don haka abin da kika lura da shi, Maman Sadiq, ba idonki ba ne ke miki gizo.

Baban Walida: Na ji, Likita. Damuwa na tayar da ita. Amma zaman shirun yana kwantar da ita? Tambayar ke nan.

Dakta Hauwa: A nan kai ma kana da rabonka na gaskiya. Shi wannan horon, wani masani ne Jon Kabat-Zinn ya tsara shi a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, na mako takwas, don marasa lafiyar da suka daɗe suna fama. A 2012 an buga gwajin da aka yi da shi a kan manya masu asma. Bayan shekara guda, waɗanda suka yi horon damuwarsu ta ragu, sun fi jin daɗin rayuwarsu, amma da aka auna ƙarfin huhunsu bai sauya ba. A yara kuwa, masu bitar bincike na Cochrane sun duba atisayen numfashi a 2016, gwaji uku kacal suka samu, suka ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba. To ni ga inda na tsaya: ba ya taɓa kumburin, ba ya maye gurbin inhela ko fesa ɗaya. Abin da yake yi shi ne yaro ya samu abin riƙewa in tsoro ya zo, ya iya zama ya shaƙi maganinsa daidai, ya yi barci daren jarrabawa. A wajena wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma duk wanda ya sayar muku da shi a matsayin waraka, ku riƙe kuɗinku.

Malam Sani: Likita, Allah ya saka da alheri. Ina da tambaya ta wani ɓangaren. Na ji an ce wannan zaman na lura da numfashi asalinsa ibadar mabiya addinin Buddha ce. Haka ne?

Abu Ammar: Haka ne Malam, kuma shi ya sa tun ɗazu nake jira a zo nan. Yau a ce yaro ya rufe ido ya bi numfashi, gobe a kawo masa yoga, jibi ya fara tanƙwashe ƙafa yana kiran sunan da bai san ma'anarsa ba. Mu muna da zikiri, muna da ruƙya, me ya kai mu aro?

Dakta Hauwa: Malam, ba zan ɓoye ba, shi wanda ya tsara shi a wajen malaman Buddha ya koya, sai ya cire ɓangaren bauta ya kai shi asibiti. Amma abin da nake koya wa yara a kilinik ba ya da kalma ko ɗaya da ake furtawa, ba gunki, ba wani zama na musamman. Ka ja iska ta hanci, ka sake ta a hankali, ka lura inda jikinka ya ɗaure ka sassauta shi. Hukuncin addini ba fagena ba ne, na bar muku.

Malam Sani: To ni abin da na fahimta, numfashi ba mallakin wani addini ba ne. In an cire lafazin bauta da niyyar bauta, abin da ya rage motsa jiki ne. Kuma Abu Ammar ya yi gaskiya cewa muna da namu. Allah ya faɗa a Suratur Ra'ad, aya ta 28, cewa da ambatonsa zukata ke natsuwa. Yaron da aka saba masa da tasbihi bayan salla a natse, ba a guje ba, yana jan carbi ɗaya-ɗaya, ai ya samu abin da ake nema har da lada. Sai dai in ja kunne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a nemi magani. Kada wani ya ajiye inhela ya ce tofi ya wadatar. A yi tofi, a fesa magani.

Abu Ammar: Allah ya gafarta Malam, ni dai ban gamsu da bidiyon ba. Zikirin na yarda.

Mama Nanret: Mu ma a zumuntar mata an taɓa yin wannan gardamar a kan yoga, har aka tashi ba a daidaita ba. Ni Zabura ta 23 nake rera wa Nanret a hankali in dare ya yi mata nauyi, tana bi na. In ta iya kai ƙarshen layi ba ta yanke ba, na san da sauƙi. In ta kasa haɗa kalma uku, ba na tsayawa waƙa, asibiti muka nufa.

Dakta Hauwa: Mama, wannan ma'aunin naki shi muke amfani da shi mu ma. Yaron da ya kasa gama jimla, ciwon ya yi tsanani.

Ummi: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni ba uwa ba ce, ƙanina ne ya sa aka saka ni a zauren. Amma ni ma da ita na tashi, yanzu ina jami'a. Tun ɗazu ana maganar yaro, ba wanda ya faɗi abin da ke cikin kan yaron.

Ba ciwon ne ya fi damuna ba lokacin da nake firamare, kallon da ake min ne. A aji sunana "mai fuka". Inhela a cikin safa nake ɓoye ta, in na ji ƙirjina ya fara sai in nemi izinin zagayawa in je bayan aji in fesa, wani lokacin in daure har a tashi don kada a gani. A gida kuma an hana ni komai. Ba guje-guje, ba zuwa biki, ba ruwan sanyi, in ƙannena na wasa a tsakar gida ni ina kan tabarma da rigar sanyi biyu. Wata gwaggona a gabana ta ce wa Mama a daina faɗa wa mutane, kada in rasa mijin aure. Shekarata goma lokacin. Kullum in na kwanta sai in riƙa sauraron ƙirjina ina jiran ya fara, wannan jiran kansa ya isa ya hana mutum barci.

Sai wani abu da ba wanda ya taɓa gaya min sai da na girma. Shuɗiyar inhelar nan da ake fesawa in ciwon ya tashi tana sa hannu rawa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Ni kuwa in na fesa na ji haka sai in ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa, in ƙara firgita. Da wani ya ce min "wannan aikin maganin ne, zai wuce", da an rage min rabin wahala. Don Allah ku gaya wa yaranku.

Maman 'Yan Biyu: Allah sarki Ummi. Wallahi kin sa jikina ya yi sanyi. Hassana ma na cewa "Mama hannuna na rawa."

Dakta Hauwa: Ummi, Allah ya yi miki albarka. Salbutamol, wato maganin da ke cikin shuɗiyar inhela irin su Ventolin, yana sa rawar hannu da saurin bugun zuciya, kuma yana wucewa da kansa. Hana wasa kuwa kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya. Yaron da asmarsa ke ƙarƙashin kulawa ya kamata ya yi gudu ya yi ƙwallo. In gudu na tayar masa, alama ce maganin rigakafinsa na son gyara, ko kuma likita ya ce ya fesa shuɗiyar kafin ya shiga fili.

Baban Walida: Paul Scholes da asma ya yi wa Manchester United wasa har ya yi ritaya. Wannan kam ko Walida ta haddace shi.

Sista Rahila: Baban Walida an zo wajen. Tunda an tambaya, ga yadda nake nuna wa iyaye. Ba ranar da ciwo ya tashi ake koyo ba, ranar da yake lafiya ake yi, bayan magariba ko kafin barci, minti uku zuwa biyar. Ya zauna ya jingina, hannu ɗaya a ciki. Ya ja iska ta hanci har ya ji cikin ya taso, ba kafaɗa ba. Ya tsuke baki ya sake ta a hankali kamar mai hura kunu mai zafi, fitar ta fi shigar tsawo. Ƙanana kuma sai su buɗe tafin hannu, su bi yatsu da ɗan yatsan ɗaya hannun, hawa a ja iska, gangara a sake, yatsa biyar numfashi biyar. Kuma ke uwa ki yi tare da shi, kada ki tsaya a kansa kina ba da umarni. Yawancin lokaci uwar ce ma ta fi buƙata.

Dakta Hauwa: In ƙara a kan na Sista. Akwai yaran da in ka ce su lura da numfashinsu sai abin ya ƙara rikita su, irin su Ummi da dama kunnensu na kan ƙirjinsu dare da rana. Irin waɗannan a juya hankalinsu waje. Ya faɗi sauti biyar da yake ji, ko ya ja carbi, ko ya ji sanyin siminti a tafin ƙafarsa. In yaro ya ce ba ya so, a ƙyale shi, kada a mai da shi wani aikin gida da za a yi masa faɗa a kai.

Hajiya Babba: Ni maƙwabciyata ta ce tunda ta fara ba ɗanta zuma da habbatus sauda tana sa shi wannan numfashin, ta ajiye inhela gaba ɗaya. Ta ce dama inhela in yaro ya saba da ita ba ya rabuwa da ita har abada.

Dakta Hauwa: Hajiya, don girman Allah ki je ki same ta yau, kada ki bari sai gobe. Inhela ba ta sa jaraba. Asma kan yi shiru wata da watanni, iyaye su ɗauka ta tafi, sai mura ɗaya ko hazo ɗaya ya dawo da ita da ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, ta kashe 455,000 a shekarar, kuma mafi yawan mace-macen a ƙasashe irin namu ne, inda ba a gano ta da wuri ko ba a samun magani. Zuma ba laifi ga wanda ya wuce shekara ɗaya, jariri dai kada a ba shi. Amma ba ta buɗe hanyar iska.

Tunda mun zo nan, kowa ya adana wannan. In ta tashi, a zaunar da yaro, kada a kwantar da shi. A girgiza shuɗiyar inhela, a fesa ɗaya ta cikin sifesa, wato robar da ake sawa tsakanin inhela da bakin yaro, ya ja numfashi huɗu ko biyar, bayan rabin minti zuwa minti a ƙara ɗaya, har zuwa 10 ga wanda ya kai shekara 6. Ƙanana a bi abin da likitansu ya rubuta. In leɓe ya yi shuɗi, ko ya kasa magana, ko ya fara gyangyaɗi, ko fiton ya ɗauke alhali yana ta fama, ba zancen atisaye, a ɗauke shi ana fesawa a hanya. Kuma duk yaron da ke buƙatar shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari ke tashinsa da dare, yana buƙatar ta rigakafi, wadda galibi ruwan ƙasa ce, kullum safe da dare ko yana lafiya, ya kuskure baki bayan ya shaƙa. Ita ce ke maganin kumburin.

Maman 'Yan Biyu: Likita, akwai abin da ban ji an taɓo ba, kuma duk ɗan Jos ya san shi. Lokacin dokar hana fita ta awa 24 a Agustan 2021, inhelar Hassana ta kusa ƙarewa, kemis a rufe, titi ba kowa sai sojoji. Ba ta tashi ba, Allah ya kiyaye, amma tun daga nan yarinyar nan in ta ji ƙarar banga, abin fashewar nan na wasa, ko ta Kirsimeti ko ta Salla, sai ta zo ta riƙe zanena tana tambaya ko za a rufe hanya. Daren nan kuwa sai ta yi tari. Wane numfashi zan koya mata a kan wannan?

Mama Nanret: Maman 'Yan Biyu, mu ma ta ɓangarenmu haka muka kwana a lokacin. Tsoron nan bai san unguwa ba. Abin da ya taimaki Nanret shi ne na buɗe jakar a gabanta na nuna mata: ga inhela ta biyu ba a taɓa ba, ga katin asibiti, ga tocila, ga lambar nas ɗin da ke bayan layinmu. Ita ke duba jakar duk ƙarshen wata. Kuma mun daina sauraron labarin rikici da kallon bidiyon gawa a waya in yara na wurin.

Dakta Hauwa: Abin da Mama ta yi shi ne daidai. Tsoron da ke da dalili, shiri ne ke rage shi. In kuma ya kai ga yarinya ba ta barci, ko ta daina son makaranta, ko tana fitsarin kwance bayan ta daina, a kawo ta a gani. Manyan asibitocinmu irin JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba ya nufin hauka.

Maman Ilham: Likita, ni kuma tawa tunda aka ƙara mata wata ƙwaya ta taunawa da dare take mugun mafarki tana tashi a firgice, ga saurin fushi. Na ɗauka aljanu ne, har an fara mata rubutu.

Dakta Hauwa: Duba kwalin, in an rubuta montelukast ki koma wajen likitan da ya rubuta a wannan makon ki faɗa masa duk abin da kika faɗa nan. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa wa wannan maganin gargaɗi mafi girma a 2020 saboda yana jawo wa wasu mugun mafarki da sauyin hali. Ba kowa yake yi wa ba, yana kuma taimakon yara da yawa, amma akwai abin da za a musanya mata da shi.

Alhaji Mai Kemis: Ni abin da nake gani a shagona, babbar damuwar iyaye kuɗi ne. Tunda kamfanin magunguna na GSK ya sanar a Agustan 2023 zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya, ga faɗuwar naira, kuɗin inhela ya yi tashin gwauron zabo. Uba zai zo ya tambayi ta rigakafi, ya ji kuɗin, ya yi shiru, ya ce a ba shi shuɗiyar kawai da maganin tari. Ku riƙa tambayar wadda ba ta da babban suna, sinadarin ɗaya ne, ku dai duba lambar NAFDAC. Sannan shuɗiyar fesa 200 ce a ciki, kuma ko maganin ya ƙare tana ci gaba da fitar da iska. Ku rubuta ranar da aka buɗe ta a jikin kwalin.

Malama Talatu: Ni malamar firamare ce, bari in faɗi namu laifin da na iyaye. Yaro zai shekara uku a ajina ban san yana da asma ba sai ranar da ya faɗi a layin asambuli. Iyaye na ɓoyewa. Mu kuma muna sa su sharar aji da safe cikin ƙura, a sa su goge allo, wanda ya makara a tsayar da shi cikin sanyi a zane shi. Yaron da ya taho a guje daga Gangare don tsoron bulala, ya iso yana haki, ka ga an haɗa masa gudu da sanyi da fargaba a lokaci ɗaya. Amma maganar yaro ya riƙe inhela a jakarsa ban goyi baya ba. Sai su mai da ita abin wasa, su fesa wa juna a ido. A ajiye a ofis.

Ummi: Anti, ofishin da hedimasta zai kulle ya tafi taro da makullin? Sanin cewa tana cikin jakata shi kaɗai yana sa ƙirjina ya saki. Ranar da na manta ta a gida kuwa tun a hanya nake fara jin tsukewa.

Malama Talatu: Ke babba ce yanzu. Ɗan aji biyu fa?

Dakta Hauwa: A raba. Ƙanana, a ba malamin aji ya ajiye a durowar da ba a kullewa, cikin ajin, ba ofis ba. Wanda ya yi wayo ya iya fesawa da kansa, a bar masa a jaka. Iyaye kuma ku rubuta wa makaranta takarda shafi ɗaya: abin da ke tayar masa, alamun farko, fesa nawa, lambar wanda za a kira, da roƙon a sauya masa shara da wani aikin, kamar tattara littattafai. Kada a cire shi daga aiki gaba ɗaya, sai yara su tsangwame shi.

Malama Talatu: Durowar aji na yarda. Amma a haɗo da sifesa, don yawancinmu ba mu iya daidaita fesawa da jan numfashin yaro ba.

Baban Walida: Sifesar nan ma ai kuɗi ce. An ce ana yi da gora, gaskiya ne ko shi ma zancen intanet ne?

Alhaji Mai Kemis: Gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce gorar roba mai rabin lita na iya yin aikin ta kanti, a Afirka ta Kudu aka gwada ta a kan yara. Ka samu gorar lemo, ka huda gindinta daidai bakin inhela yadda zai shiga ya matse ba iska ta gefe, yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa. Ka wanke ta da ruwan sabulun wanke-wanke ka bar ta ta bushe da kanta, kada ka goge cikin da tsumma, in ka goge maganin manne wa robar yake yi. Ɗan ƙasa da shekara huɗu dai ba zai iya kama bakin gora ba, shi sai mai abin rufe hanci da baki. Ka biyo ta shago da gorar in huda maka, ina da ƙarfen.